Saratu Maidawa da Ƙarfen da Ke Rataye a Darbejiya

Duk wanda ya taɓa kwana a bayan tashar 'yan kabu-kabu ta Bagudo ya san yadda safiya take zuwa wa wannan unguwa. Malam Haliru ladan zai kira salla, jama'a su idar, sannan Mairama mai suyar kifi ta leƙa gidan maƙwabciyarta ta taɓa mata kafaɗa. Maƙwabciyar ita ce Saratu Maidawa, wadda kunnenta ya daɗe da ajiye aiki, amma labarin bai kai ga ƙafafunta ba. Takan ɗauki tsintsiya da guntun ƙarfe, ta nufi 'yar majami'ar da ke ƙarshen layi, ta share, ta durƙusa ta yi addu'a, sannan ta tsaya a gindin darbejiya ta bugi tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a reshe. Wannan ita ce ƙararrawarmu. Ba wanda ya taɓa ɗaukar Saratu wannan aiki, saboda haka ba wanda ke da ikon sallamarta, ko da yake an gwada.

Majami'armu ta baƙi ce: malaman makaranta, ma'aikatan iyaka, 'yan kasuwa masu ƙetarawa Benin. Canjin wurin aiki ke kawo su, shi ne kuma ke kwashe su. Ita kanta Saratu daga Zuru ta zo tana amarya, tare da mijinta Maidawa bakanike, wanda shi ya rataya ƙarfen, shi ne kuma yake buga shi har Ubangiji ya kira shi.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa ba ta ɓoye wa kowa. Damina guda ta yi ba ta buɗe baki ta yi addu'a ba. Masu ta'aziyya sun yi ta gaya mata ta yi haƙuri, ita kuwa ta riga ta haddace jawabin. Wata Lahadi ta lura ba wanda ya bugi ƙarfen, sai ta ɗauko guntun ƙarfen mijinta ta tafi, ba don ibada ba, don fushi. Malam Haliru, wanda ke zaune a ƙofar gidansa a ranar, ya ce bai taɓa jin an ci zarafin ƙarfe haka ba. Ita kuma ta ce kowane bugu ƙara ce take kai wa Allah, sai dai ba ta san a wane bugu ne ƙarar ta juye ta zama addu'a ba. Ta dai samu kanta a durƙushe, tana gaya wa Yesu Almasihu cewa idan ya san zafin rashi, to ya riƙe ta. Tun daga ranar ba ta sake barin ƙarfen ya kwana shiru ba.

Daga nan ne wata al'ada ta samo asali, wadda ba fasto ne ya koyar da ita ba. Duk wanda rayuwa ta juya masa baya, Saratu ba ta yi masa wa'azi. Guntun ƙarfen take miƙa masa. Malama Dela, wadda aka yi wa canji zuwa ƙauyen Geza a watan da ta binne ɗanta, ta shaida mini cewa ta zo tana kuka, sai Saratu ta ce, "Tahi ki hwaɗa Mishi da hannunki. Shina ji." Ta buga har kafaɗarta ta riƙe, sannan suka shiga suka yi addu'a tare. Haka aka yi wa wani ɗan sanda da ya yi ritaya ya gano cewa gaisuwar da ake yi masa ta kakinsa ce. Unguwa ta saba. Idan bugun ya yi tsawo, Malam Haliru kan ce wa masu shayi, "Yau kuma wani ya ji jiki. Allah shi sawwaƙe mishi."

Ke ce, Saratu, kika riƙe ƙofar nan lokacin da aka rufe iyaka, kasuwa ta mutu, kujeru suka fi mutane yawa. Dattawan majami'a na gunduma suka zo da shawara mai cike da hikima, cewa a kulle majami'ar har al'amura su daidaita. Kika saurare su da ladabi, da kunnen da ba ya ji, washegari kika bugi ƙarfe kamar kullum. Al'amura dai har yau ba su daidaita ba, amma ƙofar a buɗe take.

Gwaji mafi tsanani bara ya zo, kuma daga cikin gida. Ɗanta Na'Allah ya iso daga Kaduna ranar wata Talata, da mota da jaka wadda ba kome cikinta, ya ce ya zo tafiya da ita. Kowa ya san cewa idan Saratu ta shiga motar nan, ƙarfen ya yi shiru, shawarar dattawa kuma ta tabbata. A ƙofar gida suka yi maganar, Mairama tana juya kifi tana saurare, shi yana ɗaga murya, uwar tana kallon bakinsa.

"Mama, kin tsufa. Ƙarfen nan ma ba jin sa kike ba."

"Da don kunnena nike bugawa, da na daɗe da bari."

"To wa zai kula da ke a nan?"

Mairama ta ce, "Ɗana, mu da muke tashe ta kullum, itace ka ɗauke mu?"

Ya ce, "Inna Mairama, maganar gida ce."

Ta ce, "Nan ma gida ne. Tambayi uwarka wa ya yanke maka cibi."

Saratu ta dube shi, ta ce, "Na'Allah, yau Talata. Yaushe ka hwara zuwa Bagudo ranar aiki?"

Ashe ta gano shi. Kamfanin da ya yi wa hidima tun yana saurayi ya rage ma'aikata, sunansa na ciki, kuma bai gaya wa kowa ba. Ba uwar ce ke bukatar mai kula ba. Saratu ba ta ce masa ya yi haƙuri ba. Ta shiga ɗaki ta fito da guntun ƙarfen ubansa, ta sa masa a hannu, ta nuna masa darbejiya. Tsakar rana ce, ba lokacin ƙararrawa ba, amma unguwar nan ta ji bugu irin wanda ba ta ji ba tun ranar da uwarsa ta fara. Malam Haliru ya ce hannun iri ɗaya ne. Na'Allah ya kwana tare da mu har Lahadi, ya durƙusa kusa da ita, sannan ya koma Kaduna da jakar cike da busasshen kifi.

Masu cewa takaba ƙarshe ce, tsufa kuma sallama, su zo Bagudo su ga gardama a tsaye da tsintsiya. Saratu, uwar baƙi, mun gode. Kin koya mana cewa idan kaka ta canja, ba a ɓoye wa Ubangiji fushi, kai masa ake yi, shi kuma ya san abin da zai mai da shi. Ku da kuke da maƙwabcin da ƙasa ta zame masa, ku rage jawabi, ku ba shi wurin da zai kai kukansa, ku tsaya kusa har ya gama.

Gobe da safe Mairama za ta taɓa kafaɗarta, ita kuma za ta bugi ƙarfen da ba ta ji. Mu muna ji.