Wasiƙar Ƙanwar Tsohon Likita

Ran nan na bi ta layin teloli a kasuwar Tawa, sai na ga wani saurayi yana ɗinka tuta mai fari da shuɗi da ja. Na tambaye shi ta wace ƙasa ce. Ya ce ta Rasha, yana dubana kamar wadda ta fito daga rami. Ina zai san cewa tun ubansa bai zo duniya ba, wani mutumin Rasha ya yi shekaru yana cin tuwon gidanmu?

Tsohon likita muke ce masa. Dogo ne, gashi fari fat, hancinsa kullum a saluɓe saboda rana. Nasara ne suka kawo shi zamanin mulkinsu, amma shi ba Bafaranshe ba ne, kuma in kana son ganin ɓacin ransa to ka kira shi haka. Shi ya koya wa babana allura da ɗaurin miki. Ni kuwa shi ya tsamo ni daga bakin kabari shekarar da ƙyanda ta shiga unguwarmu, don haka in kun ji ina yabonsa, da dalili. Da aka samu mulkin kai, Nasara suka yi ta ɗaure kaya suna komawa gida. Shi ya riga ya ajiye aiki, amma bai motsa ba, don ba shi da gidan komawa.

Kowace la'asar yakan zo ya zauna gindin kurnar tsakar gidanmu, inda kakata, mahaifiyar babana, take kaɗin auduga. Ni ce mai kawo masa shayi, ina da shekara goma. Ba ya zuba sukari a kofi, sai ya danne ƙwaya ɗaya tsakanin haƙora ya riƙa kurɓa ta kanta. Kaka ta ce ba ta taɓa ganin rowa irin wannan ba, mutum ya hana kofinsa sukari. Amma abu ɗaya ya haɗa su: in ɓarɓashin abinci ya faɗi ƙasa, rige-rigen tsincewa suke yi.

A gindin kurnar nan na ji labarin ƙasarsu, yau kaɗan gobe kaɗan. Sarkinsu ya kai su yaƙi da Jamus, maza suka ƙare, gari ya rasa abinci. Talakawa da sojoji suka tashi suka tuɓe sarkin, daga baya aka kashe shi da iyalinsa. Sai ƙasa ta rabe biyu, Jajaye da Farare, wa yana harbin ƙane. Shi yana ɗalibin likita ya bi Farare, aka ci su da yaƙi. Ya shiga jirgin ruwa ya gudu, ya bar ƙanwarsa ƴar shekara goma sha biyu, bayan ya yi mata alkawarin zai dawo kafin ƙanƙara ta narke. Sama da shekara arba'in ke nan, kuma ya daɗe da sa ta cikin matattu.

Wata damina, gero ya fara fid da kai, sai ga shi da hantsi, lokacin da bai saba zuwa ba. Takarda ce a hannunsa. Ƙanwar tana raye. Masu neman waɗanda yaƙi ya raba ne suka gano mata shi. Ta rubuta cewa Jamus sun sake zuwa, sun kewaye birninsu sama da shekara biyu, har mutane suka dafa ɗamarar fata suka ci. Mijinta da ƴaƴanta biyu sun tafi a wannan yunwar. Yanzu ba ta da lafiya, kuma ba ta da kowa sai shi. Tana roƙon ya zo ta gan shi.

Mun ɗauka gobe zai kama hanya. Ina! Waɗanda suka ci su da yaƙi su ne ke mulki har lokacin, yana tsoron yana sauka a ɗaure shi. Ina jin kuma kunyar alkawarin nan ta fi tsoron nauyi. Ya ce zai ba ta amsa a takarda. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, tsoho yana nan yana kurɓar shayinsa. Babana yana jin nauyinsa, bai iya matsa masa ba.

Kaka ce ta fasa ƙwan. Wata la'asar na miƙa masa kofi, sai ta sa hannu ta karɓe ta kifar da shayin a ƙasa. A gidanmu ko maƙiyi ba a yi wa haka. Babana ya miƙe yana cewa, "Haba Inna!" Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta ce, "Likita, shekarar babbar yunwa munka baro Takanamat da ƙasa, ni da ƙanena. Na aje shi gindin iccen anza, na ce shi jira ni in ɗebo ruwa. Da na komo, babu shi. Shekara hamsin ina duban huskar kowane baƙo cikin kasuwa. Kai an aiko ma takarda har gida, kana zaune kana tsotsar sukari. Mi kaka jira?"

Babana kansa bai taɓa jin wannan labari ba sai ran nan. Tsoho ya dubi inda shayin ya jiƙa ƙasa, sannan ya ce, "In sun kama ni fa, tsohuwa?"

"Su kama. Ko kurkuku na, ai ƙasa guda kuke da ita."

Takardun tafiya ba su fito ba sai da sanyi ya shigo. Ranar tashi, babbar motar Yamai ta tsaya ƙofar gida, direba yana ta danna oda, sai tsoho ya zauna daram a kan akwatinsa. Muka ce shi ke nan, ya fasa. Kaka har ta ɗaura gyale a ƙugu za ta fara masa. Ashe al'adarsu ce: matafiyi da masu rakiya sukan zauna shiru na ɗan lokaci kafin a fita. Muka zazzauna a ƙasa, har kaka, tana gunaguni. Da ya miƙe kowa ya yi ta cewa Allah ya dawo da shi lafiya. Ita kaɗai ta ce, "Kak ka komo, Likita. Ka mutu wurin naka."

Sanyi ya wuce, bazara ta zo, shiru. Kaka ta daina kaɗi. Ba ta faɗa ba, amma mun san tana ganin ita ta tura bawan Allah ga halaka, ta ko rame har wuyanta ya fito. Sai da ruwan farko ya sauka babana ya shigo da ambulan, yana sauri kamar yaro. Hoto ne a ciki. Tsofaffi biyu a kan benci, shi da wata ƴar ƙaramar tsohuwa mai ɗankwali, ta damƙe hannun rigarsa da hannuwanta biyu. Kaka ta kai hoton kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Dubi yadda ta riƙe shi. Haka ya kamata in riƙe nawa."

Ta rasu bayan shekara uku, ba ta ji ɗuriyar ƙanenta ba. Yau rabin samarin unguwarmu suna ci-rani, amma waya tana aljihun kowa, da wuya mutum ya ɓace wa danginsa shekara arba'in, kuma na gode wa Allah da na ga wannan zamani. Nawa ƙanen yana Abijan, ya yi furfura, har da jikoki. Duk Juma'a sai na kira shi, yana ta ƙorafin na dame shi, wai shi ba yaro ba ne. Ya yi ta yi. Ni dai ba zan saki hannun rigarsa ba.