Goyon da na yi a ƙasar mutane

Cewa Mama ta yi kada in baro Yaya sai ta yi arba'in. Jaririn yana da kwana ashirin da shida aka sa ni a jirgin dawowa gida. Sauran kwana goma sha huɗun nan su ne suka tsaya mini a wuya har yau, ko da yake wata biyar ke nan da dawowata Badarawa, kuma mutanen gidanmu sun daina zancen, ko dai sun daina yi a gabana.

Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, aka tura shi ƙaro karatu wata ƙasa a Turai, ƙasar da ko Turancin da muka koya a sakandare ba shi suke yi ba. Can haihuwar fari ta same ta, likitoci kuma suka ce sai an yi mata aiki. Mama ce ya kamata ta je, amma ciwon gwiwa ko matakala ba ya barin ta hau. Sai aka ce ni, tunda na gama makaranta ina zaune.

Ana jibi zan tafi Kawu ya zo daga Unguwar Dosa. Ƙanin Babanmu marigayi ne, ya taɓa zuwa kwas waje lokacin yana aiki, shi ya sa duk wanda zai fita a dangi sai an kai shi gabansa. Ya zauna a falo ya yi ta lissafa mini. Kada in ƙura wa mutum ido. Kada in shiga gidan kowa sai an kira ni. Shara kala-kala ce, kowace da mazubinta. In na ga layi in bi, ko da na mutum biyu ne.

“Sannan babban abu,” in ji shi, yana nuna ni da carbi, “in kin ji hayaniya a waje, ba ruwanki. Ki rufe ƙofarki. Ba Badarawa ba ce da za a ji ihu kowa ya fito da zani a hannu.”

Na ce, “To, Kawu.”

Har rubutawa na yi a bayan tsohon littafin makarantata. Mama kuwa ba ta ce komai a kan Turawa ba. Ta cika mini jaka da kanwa da yajin jego da gyaɗar kunu da zannuwan goyo guda uku. Da za mu rabu a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ta riƙe mini hannu ta ce, “Auta, 'yar'uwarki ba ta da kowa a can sai ke. Amana ce.”

Na kiyaye dokokin Kawu duka, wallahi ko ɗaya ban karya ba. Gidan bene ne, muna hawa na uku, ƙofarmu tana kallon ta wata mata mai 'yar yarinya. Sati huɗu muna haɗuwa a matakala, iyakarmu murmushin da bai kai ido ba. Mijin Yaya, wanda nake kira Yallaɓai saboda wasan da ke tsakaninmu, har tsokana ta yake yi.

“'Yar Badarawa, yau gida nawa kika leƙa aron ludayi?”

In ce, “Yallaɓai, garinku ko gaisuwa sai da takarda, wa zai ba ni ludayi?”

Yaya ta yi dariya tana dafe ciki, ta ce mu bari kada ɗinkinta ya ɓalle.

Ni ke dafa ruwa, ni ke dama kunu, ni ke wanke jaririn, ni ke tayar da Yaya zaune don ba ta iya miƙewa ita kaɗai. Shi yana fita tun safe. In na ce na ji daɗin ƙasar na yi ƙarya, amma ina da amfani, kuma na san ina da shi.

Ranar da jaririn ya cika kwana ashirin da uku, da hantsi, Yaya ta samu barci ita da shi. Na ɗauki shara zan sauka da ita. Ina buɗe ƙofa na ga 'yar maƙwabciyarmu zaune a bakin matakala, ba za ta wuce shekara biyu ba, daga ita sai 'yar riga, ƙafa ba takalmi. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ƙofarsu a rufe. Sanyin wajen nan kuwa, ni mai rigar sanyi biyu ma haƙorana haɗuwa suke. Kuma in ta matsa kaɗan sai ƙasa.

Na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Shiru. Na danna ƙararrawa, na sake ƙwanƙwasawa har sau uku. Shiru. Daga baya na ji cewa uwar ta sauka can ƙarƙashin gidan inda injinan wanki suke, ta bar ta tana barci, yarinyar ta farka ta fito, ƙofa ta rufe kanta.

Ban yi wani tunani ba, gaskiya. A layinmu wa yake tsayawa tunani a kan yaro mai kuka? Ni kaina rabin ƙuruciyata a bayan matan maƙwabta na yi ta. Na ɗauke ta na shiga da ita, na rufe ƙofa kamar yadda aka koya mini. Na share mata majina, na sa mata safar Yaya, na ba ta sauran kunun gyaɗa da cokali. Ta sha sosai. Da ta fara neman wani kukan, gudun kada ta tayar da mai jego, sai na ɗauko zani na goya ta, na ci gaba da wanke-wankena ina jijjiga ta. Kafin in gama ta yi barci, kumatunta a kan wuyana. A raina cewa nake, in uwar ta dawo zan miƙa mata ita, wataƙila ma daga nan mu fara gaisawa kamar mutane.

Na ji gudu a matakala. Na ji mace tana ta kiran wata kalma da ƙarfi. Ban san sunan yarinyar ba, ban san yarensu ba, ban gane kiranta ake yi ba. Na je har bakin ƙofa, hannuna a kan mariƙi, sai maganar Kawu ta faɗo mini. Na koma na ci gaba da goge tukunya.

Wannan komawar ita nake ta juyawa a raina. Da na buɗe, da magana ta ƙare a nan.

Bayan kusan awa guda aka buga ƙofarmu. Na leƙa ta 'yar hudar da ke jiki, na ga maza biyu. To, maza ne, kuma kaina ba ɗankwali. Na jawo babban hijabina na zura, ya rufe ni da goyon duka, kamar yadda kowace mace take yi a Kaduna in za ta fita da ɗa a baya. Na buɗe.

'Yan sanda ne, uwar tana bayansu, fuskarta ta yi jawur. Ɗayan ya fara tambayata da Turanci ko na ga wata yarinya. Ina buɗe baki zan ce ga ta nan, sai uwar ta hango ƙafafun 'yarta sun leƙo ta ƙasan hijabi, ba sa motsi.

Ƙarar da ta yi ba zan iya rubuta ta ba. Aka riƙe mini hannuwa, aka yaye hijabin, ɗaya yana ta fama da ƙullin zanin bai san yadda ake kwance shi ba. Ina cewa su bari in kwance kada ta faɗi, da Hausa nake faɗa, Turancin duk ya gudu. Yaya ta fito a sunkuye tana bin bango, tana cewa, “Ƙanwata ce, ƙanwata ce, me ta yi?” Haka aka sauka da ni kai ba rufi, duk ƙofofin da ban taɓa gani a buɗe ba ranar sun buɗe.

A ofishinsu wata 'yar sanda ta zauna da ni, tana magana a hankali don in gane. Tambaya uku ta yi ta maimaitawa. Me ya sa na ɗaure ta? Me ya sa na ɓoye ta cikin mayafi? Me na ba ta ta yi barci? Na ce goyo ne. Ba ni da kalmarsa a Turanci, sai na tashi ina gwadawa da hannu, ina jijjiga bayana ba kowa a kai. Ta dube ni ta rubuta wani abu. Ashe sun kwaso kofin kunun, da kanwar Mama, da yajin jego, kowanne an sa a leda an liƙa masa takarda. Na zauna ina kallon kanwar nan da Mama ta daka da hannunta.

Da la'asar aka sake ni. Akwai kyamara a matakalar, ta nuna ina ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, likita kuma ya ce lafiyar yarinya ƙalau. 'Yar sandar ta ce ba ni da laifi, amma nan gaba in na tsinci yaro in kira su, kada in kai shi ɗaki. Ta ba ni lambar. Uwar kuwa, daga ranar in ta ji motsin ƙofarmu sai ta ja 'yarta ciki.

Na ɗauka an gama. Washegari wata mata ta zo daga ofishin kula da yara, ta ce tunda an rubuta sunan gidan dole ta duba yadda ake riƙon jaririnmu. Ta duba inda yake kwana, ta tambayi wa ke masa wanka, da ruwa mai zafin yaya. Ta yi fara'arta ta tafi, ta ce za ta dawo. Tana fita Yallaɓai ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ɗago, ba 'yar Badarawa ya kira ni ba.

“Ki haɗa kayanki. Na canza miki ranar tafiya.”

Yaya ta ce, “Haba, Abban jariri. An ce fa ba ta da laifi.”

“Na ji. Takardar zamana saura wata huɗu a sabunta. Kin san me za su gani in sun buɗe fayil? In matar nan ta dawo ta same ta riƙe da yaronmu fa?”

Na ce, “Yallaɓai, Mama cewa ta yi sai arba'in. Wa zai tayar da ita zaune?”

Bai dube ni ba. Ya ce, “Da kin tuna da haka kafin ki ɗauko 'yar mutane.”

Ban ce tsoronsa ƙarya ba ne. Amma shi ma a bayan wata maƙwabciya ya girma, na sani, don da bakinsa ya taɓa ba mu labari. Kwana biyun da suka rage na yi su ina dama kunu ina zubawa a robobi ina sawa a firji, na jawo wa Yaya kujera kusa da gado don ta riƙa dafawa in za ta tashi. Ranar tafiya ba ta iya raka ni ko matakala ba. Ta ce, “Auta, ki yafe mana.” Na ja jakata na fita.

Da na iso gida Mama ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Ɗa ai na kowa ne,” sai na ga tana lissafa kwanakin da suka rage wa Yaya da yatsunta. Matan layi suka yi ta shigowa sannu da zuwa. “'Yar Turai, har an dawo? Mai jegon ta yi arba'in ke nan?” Sun sani sarai. Wata ma cewa ta yi, cikin dariya, a ɓoye yara, ga mai ɗauka ta dawo. Kawu ya zo ya ce ai shi ya faɗa mini kada in shiga abin da ba ruwana. Na ɗauko littafin nan na duba dokokinsa ɗaya bayan ɗaya. Akwai shara, akwai layi, babu yaro. Ban nuna masa ba. Ina ni ina gardama da Kawu.

Ranar arba'in ɗin muka kira Yaya a waya mai hoto. Ta rame. Wajen ɗinkin ya yi ruwa saboda ta riƙa ɗaga tukunyar wanka da kanta, har sai da aka koma asibiti. Ita kaɗai ce a ɗakin, jariri a kafaɗa, tana ta ce wa Mama ba komai, ta ji sauƙi. Mama tana cewa Allah Ya ƙara afuwa, ni ina gefe inda hoton ba ya kamawa.

Muna cikin wayar 'yar gidan da ke jikin namu ta shigo tsakar gida da rarrafe, uwarta ta tafi ɗiban ruwa. Ta kama gefen zanina ta miƙe tana ɗago mini hannu, don kafin in tafi kullum a bayana take. Na tsaya ina kallon ta, hannuwana suka ƙi sauka. Ta fara kuka.

Mama ta ce, “Ɗauke ta mana, Auta.”

Na ce, “Bari in kira uwarta.”

Mama ta dube ni, ta daɗe tana duba na. Sannan ta ajiye wayar a kan tabarma, Yaya tana ta magana a ciki, ta ja gwiwarta mai ciwo ta sunkuya ta ɗauki yarinyar da kanta.