Jan Bahon Surukata

Ina gyaran ɗakin ajiya a gidanmu na Largo, a nan ƙasar waje, na ci karo da jan bahon roba, sai surukata ta faɗo mini a rai.

Daga Kano ta zo taya ni jego. Bayan haihuwar basir ya fito mini, ga ƙaiƙayi, ga zafi, ga jini idan na zaga. Ko mijina ban iya gaya wa ba, balle uwarsa, wadda ko ido ba na haɗawa da ita. A tsaye nake cin abinci, in ce bayana ke ciwo.

Wata safiya na shiga banɗaki na tarar da bahon cike da ruwan ɗumi. Ta bayan ƙofa na ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Ki zauna a ciki, 'yar nan. Ki yawaita shan ruwa, ki daina yunƙuri. Jinin kuwa likita za ki nuna wa. Kunya ba ta warkar da ciwo."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na fito, miyar zogale na ƙamshi, ga gwanda a yanke, ita kuwa ta juya baya tana jan carbi.

Na je asibiti, na warke. Har ta rasu sunan ciwon bai fita daga bakinta ba, ko ga ɗanta.

Allah ya rufa mata asiri ranar tonon asiri, kamar yadda ta rufa mini nawa.