Keken Aminu Ya Yi Masa Kaɗan

Tun da muka dawo daga ofishin nan na tallafa wa naƙasassu na kasa zama wuri ɗaya.

Ƙanena Aminu na raka, daga nan Ƙofar Marusa. Cutar shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana goye. Keken guragun da wata ƙungiya ta ba shi yana firamare ya yi masa kaɗan, gwiwoyinsa har sun yi kanta don gugar ƙarfe. Muka je neman babba.

Malamin da ke rubuta sunaye ya duba takardar haihuwarsa.

"Hajiya, ai ya cika sha takwas. Keken guragu na yara ne. Manya kayan sana'a muke ba su."

"Wane iri, Malam?"

"Keken ɗinki."

Aminu ya leƙa inda aka jera su, ya ce a hankali, "Yaya, duk na takawa da ƙafa ne."

Malamin ya sunkuyar da kai. Na san haka aka rubuto masa, amma wallahi har yanzu raina tafasa yake.

Don Allah ku faɗa mini, ranar da yaro ya cika sha takwas, ƙafafunsa tashi suke yi?