Hannun da Issoufou Ya Ɗaga

Duk wanda ya yi zaman garejin tireloli na Aƙiƙ a shekarun casa'in ya san Rabo mutumin Gwarzo. Dogo ne, ga faɗa, ga kyauta, kuma bai taɓa yarda akwai direban da ya kai shi ba. Ya zo Madina yana saurayi, ya yi furfura a bayan sitiyari, yau dabino daga Badr, gobe siminti daga Yanbu. Matarsa Hajo tana kwance a maƙabartar Baƙi'a, shi kuwa ba shi da burin da ya wuce ajali ya same shi a garin nan a kai shi inda take. Sai dai zamansa duka a kan iƙama yake, wato takardar izinin zama a ƙasar, iƙamar kuma a hannun kafili, wato ubangidansa mai motocin.

Motar Rabo tana da hali. A bayan kan motar akwai faffaɗan farantin ƙarfe shafe da giris, direbobi suna ce masa siniyya, da baki a tsakiya. A ƙarƙashin tirela kuma akwai guntun ƙarfe mai kaurin damtse. Ka ja da baya, ƙarfen ya shige bakin, ka ji ƙas, ya kulle ke nan. To, ta Rabo maƙaryaciya ce. Sai ta yi ƙarar nan tsaf, alhali bakin bai gama kamawa ba. Wajen cirewa kuma sai hannun ƙarfen da ke buɗe bakin ya ƙi janyuwa har sai ka ɗan koma baya ka lallaɓa ta. Ya yi wa kafili magana har bakinsa ya gaji, kullum amsar ɗaya ce, wai sai gobe: "Bukra, insha Allah." Don haka ya daina yarda da kunnensa. Kowace haɗawa sai ya sauko ya rarrafa ƙarƙashi ya gani da idonsa.

Da gwiwoyi suka fara yi masa gardama, sai Issoufou ya karɓi rarrafen. Shi wannan Issoufou mutumin Maraɗi ne. Rabo ya tsince shi yana tallar carbi a gindin dutsen Uhudu, ya koya masa tuƙi, ya tsaya masa wajen kafili, ranar aurensa ma shi ne waliyyi. Suka yi ƙa'ida: Rabo ya ja baya, Issoufou ya leƙa, in ta kama ya ɗaga hannu. Shekara uku hannun nan bai yi ƙarya ba.

Wata Talata da hantsi, a 2003, aka ɗora wa Rabo tayil na wani sabon otal. Ya ja baya, ya ji ƙas, ya dubi madubi. Ga Issoufou can tsaye, sabuwar wayarsa manne a kunne, ya ɗaga hannu yana dariya da wanda yake magana da shi. Rabo ya lura wandon Issoufou fes yake, ba ƙura a gwiwa. Ya gani sarai, amma ya ce a ransa ai Issoufou ne. Aka naɗe ƙafafun tirela, ya ja.

Ko ƙofar gareji bai kai ba tirelar ta zame ta kifa da hanci. Ƙarar sai da ta fito da mutane daga shagunan ƙetaren titi. Tayil ya koma tsakuwa.

Kafili ya iso yana huci, ya tara kowa a rana.

"Wa ya duba?"

"Issoufou ya duba, ya ɗaga mini hannu," in ji Rabo, hankalinsa kwance.

Issoufou ya ƙura wa ƙasa ido. "Wallahi ya ammi, ma shuft, ban ga komai ba. Ina ta waya a bayan ofis. Yaya Rabo ya daɗe ba ya dubawa, ƙafa ta ƙi."

Rabo, mutumin da ko limami ba ya raga wa magana, ya juya ya bi Issoufou da kallo. Asarar kayan ba ta dame shi ba kamar yadda yaron da ya riƙa ya ɗauki ciwon ƙafarsa ya miƙa wa kafili. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Kafili ya ce halas, magana ta ƙare. Cikin mako biyu aka buga wa Rabo takardar fita daga ƙasar ta dindindin, makullin motar kuma aka ba Issoufou.

Ranar tafiya, yana zaune kan akwatinsa a tashar bas mai zuwa Jidda, sai ga Issoufou da kwalin dabinon ajwa, ido jawur.

"Yaya, ka yafe mini. 'Ya'ya huɗu gare ni. Da na faɗi gaskiya, ni za a kora."

"Da ka yi shiru ma, da na ɗauke maka," in ji Rabo. "Ai niyyata ke nan, in ƙarasa maganata in ce laifin nawa ne. Gaggawa ka yi."

Issoufou ya durƙusa yana kuka. Rabo bai karɓi dabinon ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya shiga bas ya zauna ta ɓangaren da ba a hango Harami.

A Gwarzo ya rasu bayan shekara biyar, can aka binne shi.