Kyamarar da Ta Jiyo Baba

Sana'ata ɗaukar bidiyo a Dogon Dutsi: biki, suna, saukar karatu, wani lokaci taron ma'aikata idan sun yi baƙi daga Yamai. In ɗauko hoto a waje, in dawo shago in zauna gaban kwamfuta in tace, in yanke inda amarya ta yi hamma, in bar inda ta yi murmushi. Wannan aikin tacewar shi muke kira montaj, kuma shi ne rabin sana'ar da ba wanda yake gani. A shekarar da nake ba da labari, tsohuwar kyamarata mai kaset ta mutu a ƙarshen bazara, ana tsakiyar wani suna. Ta tauna kaset, ta yi ɗan ƙara, shi ke nan. Dole in sayi wata, amma ba bikin mutane ne ya sa ni gaggawa ba. Akwai abin da nake so in ɗauka a gonar mahaifina ranar shuka, ga shi kuma hadari ya fara haɗowa a gabas.

Ni ne ɗan farin Baba. A wajenmu uba ba ya kama sunan ɗan fari saboda kunya, kuma Baba ya riƙe wannan al'ada fiye da kowa a ƙauyenmu, can gefen Kiéché. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" nake, ko "yaron ga", ko "wancan" idan da Inna yake magana. Wannan bai taɓa damuna ba, haka na tarar ana yi. Abin da ya shiga tsakaninmu daban ne.

Kowace shekara, washegarin ruwan shuka, Baba shi kaɗai yake shuka layin farko, kuma ba mai sa ƙafa a gonar sai ya kai ƙarshensa. Ya sara da sungumi, ya zuba irin hatsi daga ƙoƙo, ya rufe da diddige, kuma a kan kowane rami bakinsa yana motsi. Mu muna tsaye ƙarƙashin aduwa a bakin gona, muna ganin leɓɓansa, ba ma jin komai. Kakana, mahaifin Baba, ya mutu bai yi salla ba, kuma kowa ya san a wannan gonar yake yi wa aljana doguwa yanka kafin shuka. Baba kuwa yana salla tun kafin a haife ni. Amma da na koma gari na fara zaman karatun addini da matasan 'yan kasuwa, sai na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci ni kaɗai: iskokin kakana Baba yake kira. Wata shekara na tare shi gaban ƙannena na ce, "Baba, wa kake kira in kana shuka?" Ya dube ni, ya saɓa sunguminsa, ya shiga gona.

Daga ranar na daina cin hatsin gonar. Duk kaka amalanken jaki zai sauke mini dammunan hatsi a ƙofar gida, in raba wa maƙwabta. In na je ƙauye Inna ta dama fura, in ce a ƙoshe nake. Shekara shida muna haka. Ga Baba ya tsufa, ganinsa ya fara raguwa, ban san shuka nawa ta rage masa ba. Ina so in sani tun yana da rai ko zaluntarsa na yi. In faɗi gaskiya, a lokacin na fi son a ce ni ke da gaskiya.

Wanda ya koya mini montaj wani dattijo ne baƙo, wanda ya yi aikin rediyo shekaru masu yawa kafin ya ajiye aiki ya zauna a garinmu. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa malamin boko a wajenmu. Shi na roƙa ya raka ni wajen wani ɗan kasuwa kusa da tasha, mai kawo kayan lantarki daga Yamai da tsallaken iyaka. Mai shagon ya jera mana kyamara uku a kan tebur. Idona ya faɗa kan ta farko, ƙatuwa, baƙa, irin wadda ake ɗorawa a kafaɗa.

"Wagga ita ta ta manya," in ji mai shago. "Ka shiga biki da ita bisa kahwaɗa, kowa shi ba ka hanya."

Bai yi ƙarya ba. A garinmu da girman kyamara ake auna mai ɗaukar hoto. Na taɓa ganin uwar amarya ta kori wani abokin sana'ata daga ƙofar gida, wai ɗiyarta ba ta yi lalacewar da za a ɗauke ta da abin da ke shiga aljihu ba. Har na fara hango kaina da ƙatuwar nan a kafaɗa, ina taku ɗai-ɗai a tsakiyar taro.

Mushe ko kallonta bai yi ba. Ya zaro kwamfutarsa daga jaka ya buɗe a kan teburin, mai shago ya ɓata rai. "Ba kallonsu muka zo yi ba, Alhaji," in ji Mushe. "Kowace kyamara kyakkyawa ce a cikin shago. Sai an kai hotonta wajen yanka ake sanin halinta." Ya sa ni na tsaya a bakin ƙofa, 'yan kabu-kabu suna ta wucewa a bayana da baburansu. Ya ce in tafa hannu sau ɗaya, sannan in yi magana ƙasa-ƙasa, kamar ina gulmar maƙwabcina. Sau uku na yi haka, kowace kyamara sau ɗaya, mai sayar da shayi na gefe yana kallona kamar na taɓu.

Ƙatuwar nan ashe kaset take ci, irin tawa da ta mutu. Kafin hotonta ya shiga kwamfuta sai an kunna shi tun daga farko har ƙarshe, awa ɗaya ta cinye awa ɗaya. Da muka saurara kuma, gurnanin injinta ya danne gulmata gaba ɗaya. Ta biyun a kan ɗan ƙaramin faifai take rubutu. Hotonta a jikin allonta gwanin kyau, amma da Mushe ya yanka shi sai kwamfutar ta dinga sarƙewa, duk inda aka yanka hoton ya yi tsalle, kuma bakina ya riga muryata motsi. Ta ukun ƙarama ce, tafin hannu ya isa ya rufe ta, da ɗan kati take aiki. Mushe ya juya ta ya nuna mini ramuka biyu a gefenta, ɗaya na sa makirufo daga waje, ɗaya na abin saurare da ake saƙalawa a kunne. Ya cire katin ya sa a kwamfuta, kafin mai shago ya gama tsaki hoton ya shiga.

Sai ya ce in matso. Ya kai hoton daidai inda na tafa, ya fara tura shi hoto ɗaya bayan ɗaya, don a cikin daƙiƙa guda hotuna ashirin da biyar ne a jere. Na ga hannuwana biyu suna tahowa a hankali. Na ga fatar tafina ta lotsa da suka haɗu, na ga ɗan ƙurar da ta tashi daga tsakanin yatsuna ta tsaya cak a cikin hasken rana. A ƙasan hoton, inda kwamfuta ke zana sauti, layin ya yi tsini daidai wurin, bai riga ba bai makara ba. Shekara nawa ina tafi da hannuwan nan, ban taɓa sanin haka abin yake ba. Na tsaya ina tunanin abubuwa nawa Allah yake gudanarwa a cikin ƙiftawar ido, muna tsaye a wurin ba mu gani. Sannan Mushe ya ɗaga sautin gulmata, ta fito tsaf daga ƙarƙashin ƙarar babura.

Duk da haka zuciyata ba ta saki ƙatuwar ba. Na ja Mushe gefe na ce za a yi mini dariya a bukukuwa. Ya ce, "Za a yi. Amma kai me kake so ta kamo maka, da tun safe kake duban gabas?" A nan na gaya masa zancen Baba, duk da ban yi niyya ba. Na ɗauka faɗa zai yi mini. Sai ya ce, "To, ƙaramar za ka ɗauka, ni kuma in ara maka makirufo marar waya na maƙalawa a wuyan riga. Amma ka sani, abin da kunne ya ji, ba montaj ɗin da zai goge shi." Na ɗauki ƙaramar. Mai shago ya naɗe mini ita yana girgiza kai.

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka. Da asuba na hau babur, rana ba ta gama fitowa ba ina bakin gona. Ƙasa ta jiƙe ta yi duhu, ƙamshinta ya cika wurin. Na ce wa Baba ina so in ɗauki shukarsa saboda jikoki. Da na zo maƙala masa makirufo a wuyan riga, ya lalube shi da yatsa ya ce, "Wanga ƙwaro na mi na?"

Na ce, "Don a ji sarar sungumi ne, Baba."

Rabin gaskiya na faɗa, kuma har yau ina jin kunyar sauran rabin. Ya shiga gona. Na kafa kyamara ƙarƙashin aduwa na bi shi da ita har ƙarshen layi. Abin sauraren yana rataye a wuyana, na kasa sa shi a kunne. Ni da na tare ubana gaban ƙannena ba ko gezau, ranar tsoro ne ya kama ni.

Sai washegari bayan azahar na rufe ƙofar shago na sa katin a kwamfuta. Zanen sautin ya bayyana: tsini babba wajen kowace sara, sannan wasu 'yan ƙananan tudu a tsakani, da ƙyar ake ganinsu. Na ɗaga su, na sa abin saurare.

Muryar Baba ta shigo kunnena kusa-kusa, har da numfashinsa, kamar ya jingina kansa a kafaɗata. Bisimilla ya fara yi. A ramin farko ya ambaci mahaifiyarsa ya roƙa mata gafara. A na biyu ya ambaci kakana, ya ɗan tsaya, ya ce, "Allah, kai ka san shi." A na uku Inna. A na huɗu ya sara, iri ya zuba, sai na ji sunana. Cikakken sunana na yanka, a bakin Baba, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ya ce, "Allah ka ci da shi, ka sanyaya mai rai."

Na tsayar da hoton. Na mayar baya na sake ji, na sake mayarwa. Shekarata arba'in da 'yan kai a duniya, ban san yadda sunana yake fita daga bakinsa ba, ashe kowace damina yana faɗinsa ina tsaye taku hamsin daga wurin. Ya bi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, da jikoki, har jaririn da aka yi wa suna watan jiya, kowa da raminsa. Sunaye suka ƙare, layi bai ƙare ba. Ramukan da suka rage duka sunana ya dinga maimaitawa, har diddigensa ya rufe na ƙarshe. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina ƙarami. Na gane dalilin da ya hana shi amsa mini a waccan shekarar. Da zai faɗa mini wanda yake ambata, sai ya kama sunana a gabana, shi kuwa ya gwammace in yi masa mummunan zato.

Saura aikin da na yi alkawari, bidiyon jikoki. In na bar muryar, na tona abin da dattijo ya rufe tsawon rayuwata. A nan ƙaramar kyamarar ta ƙara yi mini rana, don sautinta yana rabuwa da hoto ba gardama. Na bi 'yan tudun nan ɗaya bayan ɗaya na kwantar da su, na bar sarar sungumi da kukan kurciya da iska. Na asalin kuwa yana nan a katinsa, ban taɓa ɗaukar wani abu a kai ba, ban kuma taɓa kunna wa kowa ba.

Hatsi ya kai gwiwa lokacin da na koma ƙauye da kwamfuta. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa ya taru. Baba ya matso da fuskarsa dab da allo saboda idonsa, ya kalli kansa yana shuka har ƙarshe. Da aka gama ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ƙwaron naka mi yaj ji?"

Na ce, "Sungumi ya ji, Baba."

Inna ta ajiye ƙwaryar fura a tsakiya kamar yadda ta saba, ba ta ma tura ta wajena ba, don ta gaji da jin a ƙoshe nake. Na jawo ƙwaryar na ɗauki ludayi. Furar hatsin gonar ce, na bara. Na sha, na ƙara, tsakar gidan ta yi tsit har ana jin ludayin yana karo da ƙwarya. Baba ya daɗe yana kallon wajen da nake. Sannan ya juya wajen Inna ya ce, "Ƙaro ma yaron ga hura."