Kwana Shida a Kan Ƙafa Uku

A gidanmu ba a kashe doki. Haka muka taso muka tarar, tun kakannin da suka zo Lafia daga gabas a kan sirdi. Doki in ya tsufa ko ya naƙasa, a bar shi a turke har kwanansa ya ƙare, a haƙa rami a bayan gida a binne shi. Yayana ya riƙe wannan al'ada gam. Ni kuwa ban taɓa zaton za ta dame ni ba, sai shekarar da na karya masa akawalinsa, baƙin dokin da ya fi so.

Ni na karya shi, ba na ɓoyewa. Ina aikin ofis a lokacin, ga mata ga 'ya'ya uku, tumbi ma ya fara leƙowa, amma in aka ce sukuwa hankalina barin jikina yake. Tsohon filinmu an yanka shi fuloti-fuloti an gina shaguna, sai masu dawaki suka koma wani fili a hanyar Adogi. Gonar doya ce a da. An sa tarakta ta baje kunyoyin, sama ta yi sumul, amma inda aka tone doya ƙasa ba ta saurin cikewa. Wani dattijo mai gona a gefe ya gaya mana haka. Muka yi masa dariya, muka ce baba ya ji da doyarsa ya bar mana dawaki.

Ranar Asabar ce, mu shida muka tashi. A zagaye na biyu ina kan gaba, ina jin hucin wani doki kili a bayana, sai na sa wa akawal ƙaimi alhali ba ya buƙata. Ƙafarsa ta dama ta gaba ta nutse. Na ji ƙarar, kamar an karya rake a gwiwa. Ya watsar da ni, na ci ƙasa, haƙorina ɗaya ya tafi. Da na ɗago sai na ga ya wuntsila ya tashi, kuma gudu yake. Ƙafar tana lilo, ƙashin ya huda fata ya fito fari fat, yana cakar ƙasa da shi a kowane taku. Sai da mutum huɗu suka rataya a linzami kafin ya tsaya.

Likitan dabbobi ya duba sau ɗaya ya miƙe.

"Alhaji, wannan ƙafa ya tafi," ya ce wa Yaya. "Doki ba mutum ba ne da zai kwanta wata biyu a gado. Allura ɗaya, finish, ya huta."

"A gidanmu ba a kashe doki."

"Ba wuƙa ba ne fa, allura ne."

"Kisa dai kisa ne," in ji Yaya.

Aka ja shi da igiya aka tura cikin mota, aka kawo shi gida. Yaya ya aika aka ɗauko wani maɗori daga Keana, gwani ne a ƙashin mutane, ba na ƙwace masa wannan. Ƙarti shida suka kayar da dokin suka danne. Maɗorin ya ja ƙafar, ya jera tsinken gora, ya naɗe da tsumma. Ban san doki yana da irin wannan kuka ba. Ya cafki kafaɗar ɗaya daga cikin ƙartin ya yagi nama. Da aka sake shi ya miƙe, ya doki katanga da ɗorin, gorar ta tarwatse. Sau uku ana ɗaurawa yana fasawa. Daga baya aka rataye shi da igiya a reshen mangwaro don kada ya taka, igiyar ta ci cikinsa har jini.

A rana ta huɗu wari ya hana mata girki a tsakar gida. Ƙudaje sun yi baƙi a kan tsumman, da aka kwance sai ga tsutsa. Ɗaya ƙafar ma ta kumbura saboda nauyi. Ya daina cin harawa, sai buga kai yake da jikin mangwaron har ido ɗaya ya rufe. Ina kallonsa ina tsanar kaina.

"Yaya, don girman Allah ka bari a hutar da shi," na ce.

"Kai ka karya shi, kai kuma za ka kashe shi? Baba bai yi ba, kaka bai yi ba."

"Baba bai yi sukuwa a gonar doya ba!"

Ya wanke ni da mari a gaban matata. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, na ce haƙarƙarina ya hana ni. Na ɗauko wuƙar layya na wasa ta. Na zaci kamar rago ne, ashe wuyan doki ba haka yake ba. Yankan farko bai kai ba. Ya zabura ya tsinke igiyar, ya faɗo da ni, yana shure-shure da karyayyar ƙafar, jini na tsartuwa har tagar ɗakin Yaya. Na hau wuyansa na sake yanka, na sake. A na ukun ya saki. Na zauna a cikin jinin ina kuka kamar mara hankali. Har yau ana sukuwa a wannan fili, kuma har yau ba a kawo abin-nadi ya daddale shi ba, amma ni tun ranar ban sake sa ƙafa a likkafa ba.

Yaya ya shigo da farar babbar riga, darduma a hannu. Ya tsaya kusa da dokin. Na jira mari na biyu, ko ya ce in kwashe iyalina in bar gidan. Sai ya tuɓe rigar ya naɗe wuyan dokin da ita, ya ɗaure tam, sannan ya leƙa waje ya ce wa maƙwabta doki ya mutu, a zo a taya haƙa.

Kafin su shigo ya juyo gare ni.

"Ranar Litinin na tafi garin Awe na wuni, ba abin da ya kai ni. Ranar Laraba na koma, na sake bar maka gidan. Me ka tsaya jira?"